Dalma ba ta zama zinariya a kasko: a bar matasanmu su karanta tarihin alkimiya

Ɗan ƙanwata ya sayar da babur ɗin da yake acaɓa da shi, ya kwashi kuɗin cif ya damƙa wa wani mutum da ko sunan garinsu bai sani ba. Mutumin ya nuna masa wata 'yar kwalba mai jan ruwa, ya ce jan zaiba ce, daga cikin wani tsohon injin Turawa aka ciro ta. A gaban idonsa ya jefa guntun dalma a ɗan kasko, ya ɗora kan gawayi, ya ɗiga ruwan sau uku, ya yi ta juyawa da wani ɗan sanda. Da abin ya huce sai ga ɗan curi yana ƙyalli a gindin kaskon. Ya ce yaron ya kai wa 'yan gwal da kansa. Ya kai, suka goga, suka gwada, suka ce zinariya ce, suka biya shi. Kashegari mutumin ya ce ruwan ya kusa ƙarewa, sauran yana ƙetaren iyaka, a haɗa kuɗi ya je ya ɗauko. Tun daga ranar wayarsa a kashe take.

Da yaron ya zo gaishe ni, ido ya faɗa, sai ya ce, "Kawu, wallahi da idona na gani. Kuma ni na kai kasuwa da hannuna." Na ce na yarda ya gani. Ya yi shiru, can ya ƙara da cewa, "Ai ka san da irin wannan asirin Turawa suka fi mu. Ni dai ban dace da mai amana ba ne." Wannan magana ta fi asarar babur ɗin ƙona mini rai, domin ta nuna an cuce shi amma bai warke ba. Gobe wani mai kwalba ya zo, in dai fuskarsa ta fi ta farko kamala, zai sake bayarwa. Ra'ayina shi ne, maganin wannan cuta a karanta tarihin alkimiya, wato sana'ar neman mai da dalma zinariya, tun daga tushe har inda ya ƙare, a kuma rubuta shi da Hausa. Tsoratarwa kaɗai mun daɗe muna yi, ba ta hana komai ba.

Dabarar da aka yi wa yaron nan ta girmi kakannin kakanninmu. Wani mutumin Dimashƙa, Aljaubari, ya rubuta littafi a ƙarni na 13 yana tona asirin mayaudara iri-iri, kuma ya ware babi guda ga masu da'awar ƙera zinariya. A ciki ya kawo labarin wanda ya yaudari Sarki Nuruddin. Mutumin ya goge dinarai suka zama gari, ya cuɗa da gawayi da wasu tarkace, ya mulmula, ya sayar wa wani ɗan koli da araha da wani suna da ya ƙirƙira. Bayan ya yi suna a gari sarki ya kira shi, ya rubuta kayan haɗi har da wannan abu, ya ce shi ba zai taɓa komai ba, mutanen sarki su sayo su narka da kansu. Aka narka, zinariya ta fito, tunda dama tana ciki. Da aka nemi ƙari ya ce ma'adinin abin yana can Khurasan, sarki ya haɗa masa guzuri da dukiya, ya tafi bai dawo ba. A Turai ma an rubuta irin waɗannan dabaru dalla-dalla: sandan juyawa mai rami da aka cika da garin zinariya aka toshe da kakin zuma, kasko mai gindi biyu, gawayin da aka huda aka ɗura masa. Da yaron nan ya taɓa jin ko ɗaya daga ciki, da sandan zai fara duba, ba kwalbar ba.

Amma zalunci ne a ce duk masu alkimiya 'yan damfara ne, kuma a nan ne tarihin yake da daɗi. Kalmar da muke alfahari da ita a yau, kimiyya, daga alkimiya ta fito, sunan da Larabawa suka ba wannan sana'a. Turawa ma daga bakin Larabawa suka ari sunan. Asalinta Masar ce zamanin da Girkanci ne harshen ilimi. Wani Zosimos, mutumin garin da ake kira Akhmim a yanzu, ya bar rubuce-rubuce a kanta wajen shekara ta 300 miladiyya. Da ta shigo hannun Musulmi, littattafan da ake jingina wa Jabir bin Hayyan suka ba ta ginshiƙi: kowane ƙarfe, in ji su, haɗi ne na zaiba da farar wuta a cikin ƙasa. In haɗin ya zo daidai, kayan suka tsarkaka, zafi ya yi masa yadda ake so, sai a sami zinariya. In an sami tangarɗa sai a sami azurfa, ko tagulla, ko kuza, ko dalma. Ke nan dalma zinariya ce da ba ta nuna ba, kamar ɗanyen mangwaro. Aikin gwani shi ne ya samo abin da zai nunar da ita da gaggawa, wanda suka kira iksir.

Kada mai karatu ya raina wannan tunani. Mutumin da ya ga an ɗauki koren dutse an sa a wuta tagulla ta zubo, ya ga an haɗa jan ƙarfe da wata ƙasa ya koma rawaya kamar zinariya, ya ga yashi ya zama gilashi, me zai hana shi zaton dalma ma za ta juya? Da ilimin da ke hannunsu, hasashen yana da ma'ana. Kuma sun yi aiki tuƙuru. Abubakar Arrazi, babban likitan nan da ya rasu a 925, ya kasa sinadarai gida-gida, ya siffanta tukwane da kwalabe da murhu da hanyoyin tacewa da turarawa, yadda ɗalibin kimiyya na yau zai karanta ya gane ɗakin gwajinsa a ciki.

Abin da ya fi burge ni shi ne, malamanmu ba su jira Turawa sun zo sun ƙaryata batun ba. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya rubuta ƙarara cewa iyakar abin da masu wannan sana'a za su iya shi ne rini: su ba ƙarfe launin zinariya har ya ruɗi gwani, amma ainihinsa yana nan yadda yake. Ibnu Khaldun ya zo a Muƙaddimarsa ya ware fasali na musamman yana rushe ta. Ya ce ba a taɓa sanin wani a duniya da ya cim ma wannan buri ba, sai dai labarai da suke yi wa juna don kwaɗayin ya ci gaba. Ya kuma sa yatsa a kan gyambon: mafi yawan masu binta mutane ne da suka gaza neman abinci ta hanyoyin da aka sani, noma da kasuwanci da sana'a, suna son dukiya ta zo musu tashi ɗaya. Har ya lura cewa Ibnu Sina da ya ce abin ba ya yiwuwa waziri ne mai wadata, Farabi kuwa da ya ce yana yiwuwa talaka ne. Masu tafsiri ma sun taɓo batun. A kan faɗar Ƙaruna a Suratul Ƙasas, aya ta 78, cewa dukiyarsa an ba shi ita ne saboda wani ilimi da ke wurinsa, wasu sun ce ilimin alkimiya ne. Ibnu Kasir ya kawo wannan magana ya ce mai rauni ce, domin ilimin kansa ɓatacce ne. Duk wannan yana cikin littattafan da ke jere a zaurukan malamanmu. Yaron da ya sayar da babur ya yi makarantar allo, ya yi Islamiyya, ya gama sakandare, amma ba a taɓa buɗe masa wannan shafi ba.

Turai ta karɓi alkimiya ne ta hanyar fassara. A 1144 wani Bature ɗan Ingila, Robert na Chester, da ke zaune a ƙasar Sifen, ya kammala juya littafin farko daga Larabci zuwa Latin. Daga nan wutar ta kama. Nahiyar tana cikin yunwar zinariya, ta gaskiyar kuwa ayarin raƙuma ne ke ƙetara Sahara da ita daga ma'adinan Bambuk da Bure a nan Afirka ta Yamma. Sarakuna masu bashin yaƙi suka riƙa ajiye masu kasko a fadodinsu, jabun kuɗi suka yawaita. Fafaroma John na 22 ya fitar da doka a kansu a 1317, Ingila ta haramta ninka zinariya da azurfa a 1404. Wanda asirinsa ya tonu kuwa bai ji da daɗi ba. A 1709 Sarkin Furushiya ya sa an rataye wani ɗan Italiya, Caetano, cikin riga mai ƙyalƙyalin ruwan gwal, bayan ya ci kuɗin fadodi da dama. Ko a ƙarni na 20 abin bai mutu ba: wani Franz Tausend ya tara kuɗin manyan Jamus, har da Janar Ludendorff na yaƙin duniya na ɗaya, da alƙawarin ƙera zinariya, ya ƙare a kurkuku a 1931. Ina kawo waɗannan ne don wanda yake zaton mu kaɗai ake yi wa haka, ko Bature ya san wani abu da ya ɓoye. An damfari sarakunansu da janar-janar ɗinsu da dabarar da aka damfari ɗan acaɓa.

Masu gaskiyar cikinsu kuwa, garin neman abin da babu suka yi tuntuɓe da abin da ke akwai. Hennig Brand, a Hamburg, ya yi zaton launin fitsari alama ce ta zinariya a ciki, ya tara shi da yawa ya yi ta dafawa. A 1669 ya sami wani farin abu mai haske cikin duhu. Fosforas ke nan, harafin P da manomi yake gani a buhun takin NPK, kuma da shi ashana take kamawa. Johann Böttger, wani saurayi da ya yi cika-bakin iya ƙera zinariya, Sarki Augustus na Saxony ya tsare shi shekara da shekaru ya ce sai ya ƙera. Zinariya ba ta samu ba, amma shi da wani masani, Tschirnhaus, suka gano yadda ake yin farin tangaran irin na Sin, wanda Turawa suka daɗe suna saye da tsada ba su san haɗinsa ba. A 1710 aka buɗe masana'antar Meissen, har yau tana aiki.

Sai Isaac Newton, wanda kowane ɗan sakandare ya haddace dokokinsa. Da aka yi gwanjon takardunsa a Landan a 1936, duniya ta ga ya rubuta kalmomi kusan miliyan guda a kan alkimiya, ya shafe shekaru gaban murhu a Cambridge. Da na gaya wa ɗan ƙanwata wannan sai ya zabura ya ce, "Ka gani ko, Kawu! Har shi ma!" A nan na gane haɗarin rabin labari. Na ce ya zauna ya ji ƙarshen. Newton bai sami ko ƙwayar zinariya daga kasko ba. Wadatarsa ta zo ne bayan 1696, da aka ba shi aiki a gidan buga kuɗin Ingila, inda ya riƙa farautar masu jabun kuɗi. Abin da duniya ta amfana da shi daga gare shi kuwa shi ne wanda ya buga a fili, kowa ya duba lissafin ya tabbatar. Wanda ya ɓoye a akwati bai haifar da komai ba.

A ganina wannan ita ce amsar maganar yaron, cewa da asiri Turawa suka fi mu. Tarihi ya nuna akasin haka. Masu alkimiya sun yi ƙarnoni suna rubutu da zaurance: koren zaki ya haɗiye rana, sarki ya auri sarauniya, maciji ya ciji jelarsa. Kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa, kowane sabon ɗalibi sai ya maimaita kuskuren da wani ya riga ya yi shekara ɗari baya. Masana tarihi na yanzu, irin su Lawrence Principe na jami'ar Johns Hopkins a Amurka, sun warware zaurancen sun maimaita gwaje-gwajen a ɗakin bincike, suka tarar sunayen sinadarai ne kawai aka lulluɓe. Har ya ga haɗin zinariya da zaiba ya tsiro cikin kwalba kamar 'yar bishiya, daidai yadda tsofaffin suka siffanta. Ke nan sun ga abubuwa na gaske, fassarar da suka yi musu ce ta kauce. Ilimin bai tashi tsaye ba sai da aka sauya al'ada: aka kafa ƙungiyoyin masana, aka fara buga mujallu daga 1665, aka ce duk wanda ya gano abu ya faɗi yadda ya yi, da awo da ma'auni, wani a wani gari ya gwada ya gani. Zuwa 1789, da Lavoisier ya jera sinadaran asali a Faransa, zinariya tana cikinsu: ba haɗi ba ce balle a haɗa ta.

Yau mun san dalili. A tsakiyar ƙwayar zarrar zinariya akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira furoton guda 79, ta zaiba 80, ta dalma 82. Wutar maƙera, ko ruwan batir, ko wane irin haɗi, iyakarsu bayan ƙwayar, ba sa isa cibiyarta. Ana iya taɓa cibiyar, amma dubi da me. Cibiyar bincike ta CERN, a iyakar Faransa da Siwizalan, tana da wani injin da ke ƙarƙashin ƙasa mai kewayen kilomita 27. A 2025 masananta suka sanar cewa tsakanin 2015 da 2018 gudun ƙwayoyin dalma a injin ya samar da ƙwayoyin zinariya kimanin biliyan 86. Adadin da girma a kunne, amma nauyinsu duka, in ka raba giram ɗaya gida tiriliyan, kashi 29 ne kacal, kuma kafin ƙiftawar ido sun tarwatse. Abin da injin da ƙasashe suka haɗa kuɗi suka gina bai iya tara wa ko na ɗan kunne ba, shi ne wani yake cewa yana yi a bayan tasha da gawayin naira ɗari biyu.

Tsafin Turawa, wanda ake ambata da rawar murya, shi ma in ka bi sawunsa za ka sha mamaki, domin kaso mai yawa aro ne daga Larabci. Littafin Gayatul Hakim, da aka rubuta a Andalus kan taurari da ɗalasimai, Sarki Alfonso na 10 ya sa aka fassara shi a 1256, ya zama uwa ga masu sihirin Turai da sunan Picatrix. Da Cornelius Agrippa na Jamus ya buga babban littafinsa a 1533, ya sa hatimai bakwai na taurari bakwai. Na farkonsu, na Zuhal, shi ne mai gida tara da kowane layi ke ba da 15, wanda duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya taɓa ganinsa a allo ko a takardar laya. Kuma muna da namu gwanin a wannan fage: Muhammadu Alkashinawi, Bafulatanin Katsina, wanda ya rubuta yadda ake gina hatimai masu adadin gidaje mara, irin 9 ko 25, a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Masana tarihin lissafi a ƙasashen waje suna nazarinsa, a Katsina kuwa ɗalibai nawa suka san sunansa? Lissafin hatimi gaskiya ne, yaro zai iya tabbatar da shi da alli. Da'awar cewa yana juya zuciyar mutum ko ya jawo kuɗi wani zance ne daban, kuma ni ina tare da malaman da suka ce a nisance shi. Shi ma John Dee, masanin lissafin fadar Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, da ya bar lissafi ya koma neman zance da ruhohi ta madubi, a talauce ya mutu, yana sayar da littattafansa ya ci abinci.

Illuminati fa, wadda yanzu duk mawaƙin da ya rufe ido ɗaya a hoto, ko ɗan ƙwallon da ya yi kuɗi, sai a ce ya shiga? Ƙungiya ce da wani malamin shari'a, Adam Weishaupt, ya kafa ranar 1 ga Mayu, 1776, a garin Ingolstadt na Bavaria, don yaƙar ikon coci a kan ilimi da mulki. Ba ta cika shekara goma ba gwamnati ta haramta ta a 1784 da 1785, ta kwashe takardunta ta buga su kowa ya karanta. Rigimar shugabanci ce cike a ciki, babu maganin kuɗi. Yawancin labaran ban tsoro da ke yawo kan bautar Shaiɗan a ƙungiyoyin asirin Turai kuwa, akwai wani Bafaranshe, Léo Taxil, da ya shafe shekara goma sha biyu yana ƙirƙira irinsu yana sayarwa, sannan a watan Afrilun 1897 ya tara jama'a a Faris ya ce duk ƙarya ya shirya. Ya janye, amma ƙaryar ba ta janye ba. Ta shiga wasu littattafai, aka fassara su zuwa Larabci, daga nan suka shigo wa'azi da bidiyon TikTok da Hausa, ana kawo su a matsayin hujja. Abin takaici ne mu ɗauki tatsuniyar da Bature ya ƙaga don ya ci kuɗin Bature, mu riƙa tsorata 'ya'yanmu da ita.

Kuma tsoron nan ba ya tsayawa a tsoro. Mai wa'azin da ya ce duk arzikin Turawa da na shahararru daga ƙungiyar asiri yake, da niyyar alheri yake faɗa, amma ya riga ya yi wa ɗan damfara rabin aiki, domin ya tabbatar wa saurayi cewa hanyar tana ɓullewa, haramun ce kawai. Ranar da yunwa ko bashi ko kuɗin aure suka matse shi, sai ya ce bari ya shiga, ya tuba daga baya. Shafukan "shiga Illuminati ka yi kuɗi" da ke Facebook da WhatsApp, masu neman kuɗin rajista, a kan wannan imani suke kiwo. Tun zamanin mulkin mallaka ma wani kamfanin de Laurence a Chicago ya riƙa aiko da littattafan tsafi da zobba ta gidan waya zuwa Najeriya da Gana, mai kamfanin ne ya yi kuɗi. Mafi muni, wannan imani ne ke sa a kashe mutum a cire sassan jikinsa. Ba na musun akwai sihiri, Alƙur'ani ya ambace shi. Abin da nake musu shi ne cewa ya taɓa mai da wani attajiri in ban da mai sayar da shi.

Na san abin da wasu malamaina za su ce, kuma ban raina shi ba. Sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, aya ta 102 a Baƙara ta ce masu koyonsa suna koyon abin da ke cutar da su ba ya amfanarsu. To don me za a tura yara kusa da ramin? Amsata ita ce, koyon sihiri daban, sanin tarihin masu yinsa daban. Ibnu Khaldun alƙalin alƙalan Malikiyya ne a Alƙahira, mazhabarmu, kuma ya karanta littattafan nan, ya faɗi abin da ke cikinsu, sannan ya rushe su. Da bai karanta ba da rushewar ba ta yi ƙarfi ba. Sannan ramin ai yaran suna bakinsa tuntuni. Littattafan ɗalasimai suna nan a kasuwa kusa da na fiƙihu, wayar hannu kuma ta kawo sauran har cikin ɗaki. Abin da babu shi ne littafin tarihi, wanda zai ce ga wanda ya rubuta wannan, ga shekarar, ga inda ya kwafo, ga yadda ya ƙare. Na yarda ba kowane littafi ne za a miƙa wa kowa ba, kuma ni kaina ba zan ba yaro littafin da ke koya yadda ake yi ba, na Larabci ne ko na Turanci.

Rarrabe su ba wuya. Littafin tarihi yana ba ka shekara da gari, yana gaya maka ɗakin karatun da rubutun asali yake ajiye, ba ya jin kunyar cewa wane ya yi kuskure, kuma ba ya yi maka alƙawarin komai. Littafin aiki yana cewa ka yi azumi kaza, ka sayi turare kaza, kada ka gaya wa kowa, in bai yi ba laifinka ne. Littafin tsoratarwa kuwa komai na duniya a wurinsa ƙulli ɗaya ne, kuma rashin hujja shi ne hujjarsa. Wanda yake jin Larabci ya fara da fasalan Ibnu Khaldun. Wanda yake jin Turanci, takardun alkimiyar Newton jami'ar Indiana ta sa su a intanet kyauta tare da bayani. Wanda Hausa kaɗai yake ji, shi ne muka bari a duhu, kuma shi ne mafi yawa. Sassan kimiyya da na tarihi a Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo da Abdou Moumouni ta Yamai suna da mutanen da za su iya rubuta ɗan littafi mai shafi sittin a kan wannan, gidajen rediyonmu kuma suna da filin da za a karanta shi.

Ga dalilin da ya sa nake ganin abin na gaggawa ne. Mu muna da zinariyar gaske a ƙasarmu, ilimin sarrafa ta ne ya yi mana ƙaranci. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya Bagega. Duwatsun da ake haƙowa don zinariya cike suke da dalma. Ana kawo su cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu da gubar. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Har yanzu kuma masu haƙa, daga Zamfara har Djado a arewacin Nijar, da zaiba suke kama garin zinariya, su ƙona curin a fili suna shaƙar hayaƙin da ke lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda. Dalma, zaiba, zinariya: kayan aikin masu alkimiya ne guda uku, su ne a hannun mutanenmu kullum. Abin da ɗan haƙo yake bukata ya sani game da su an riga an sani, an biya kuɗinsa da lafiyar masu kasko na ƙarnoni: kada a niƙa dutse a gida, a jiƙa shi kafin a niƙa, a wanke jiki a sauya tufafi kafin a ɗauki yaro, a ƙona zaiba a rufaffen mazubi mai sa hayaƙin ya koma ruwa. Wannan bai kai gare su da Hausa yadda ya kamata ba, amma labarin jan zaiba ya kai kowace tasha.

Ɗan ƙanwata yanzu babur ɗin wani yake ja, yana kai balas kowace yamma. Bayan sallar isha yakan zo, in buɗe fasalin Ibnu Khaldun in karanta, in fassara masa jimla-jimla, in ya gaji mu koma labarin Böttger da tangaran, wanda ya fi so. Shekaranjiya da zai tafi ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Kawu, in ba damuwa gobe zan zo da abokaina biyu daga tasharmu. Ɗayansu an nuna masa kwalbar, ya ce ranar Juma'a zai kai kuɗin."